Ƙwaryar da Nake Aikawa Kalgo

Bazara ce, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun kafin hantsi. Rijiyar gidanmu ta ja baya har sai da mahaifinku ya ƙara wa guga igiya gaba biyu, mangwaron bayan ɗaki kuwa ya zuba 'ya'ya kamar bai san ana wahala ba. Shekarar ta zo mini da wani nauyi a ƙirji wanda ba ciwo ba ne, don ina ci ina sha, ba mu yi rashi ba, ba wanda ya kwanta. Shekarata ta uku ke nan a ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana a zauren mai unguwa, kuma a lokacin ne idona ya fara kama rubutu da kansa, ba sai na bi shi da yatsa ba. Na ɗauka abin farin ciki ne zalla. Ban san akwai rubutun da zan so a ce ban iya karanta shi ba.

Kun sha jin ana cewa na hana yayarku taimako ranar da ta zo nema, na bar ta ta koma Kalgo da yunwa. An yi haka, ba zan musa ba. Amma ku ji yadda abin ya faro kafin ku yanke mini hukunci.

Yayarku ita ce 'yar farina. A gidan da na tashi, nan cikin Gwandu, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi a gabanta sai ta jira wani ya ɗaga shi. Haka na ga mahaifiyata ta yi, haka na yi, ban tambayi dalili ba. Ko a cikin wannan littafin hannuna ya ƙi rubuta sunan, don haka zan kira ta yadda na saba, 'yar Kalgo. Ranar da aka yaye ta, Yaya Kulu, yayar mahaifinku da ke aure a Kalgo, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta zo ta goya ta ta tafi da ita riƙo. Ba ƙwace aka yi ba. An tambaye ni a gaban surukata, na ce to, ina kallon tabarma. Yarinya ta tashi tana kiran Yaya Kulu Inna, ni kuma tana ce mini Adda, kamar yadda ta ji ƙannena suna kirana. Abin da al'ada ba ta hana ni ba shi ne aike. Akwai wata mota da ke zuwa can sau ɗaya a mako, to duk ranar motar sai in tashi in kirɓa fura, in jera curi shida a ƙwarya, in rufe da faifai, in ɗaure da ƙyalle. In ce wa direba, a kai wa Yaya. Ban taɓa cewa a kai wa yarinya ba. Na yi wannan aike har ta shiga jami'a.

Tana da shekara shida ƙyanda ta kama ta, surukata ta ce a kawo ta gida. Suka yi wata guda a ɗakin tsohuwa, Yaya Kulu na zaune a kanta tana yi mata fifita, ni kuwa ba ni da ikon wuce bakin ƙofa. Sai na samo dabara. Kullum da yamma in ɗauko tankaɗena in zauna daidai ƙofar ɗakin, in juya mata baya, in tara yaran gidan in ce zan ba su labari. Ban ji shi a wurin kowa ba, ina tankaɗe ina ƙirƙirarsa. Na ce akwai wani tafki a bayan wani gari, kullum da safe sai a tarar da ƙwarya a bakinsa, rufe da faifai, da fura mai ɗumi a ciki kamar yanzu aka sauke ta daga turmi. Babu sawun ƙafa a laka. Duk wanda ya ɗaga faifan sai ya ji muryar mace daga ƙarƙashin ruwa, ta ja numfashi kamar za ta kira wani, sai kuma ta yi shiru. Mutanen garin suka tsorata, ba mai shan furar, ba mai wanki a wajen. Kullum ina ƙara wani abu: yau maharbi ya yi gadi bai ga kowa ba, gobe an fasa ƙwaryar an wayi gari ta dawo ɗinke. In yara suka ce, Adda, wa ke aiko ta, sai in ce gobe. Na san ƙarshen tun ranar farko, harshena ne ya ƙi. Yarinya ta warke, suka koma Kalgo, ni kuma ban sake ba kowa labarin ba. Shi ya sa ku da kuka zo daga baya ba ku san shi daga bakina ba.

A wannan bazarar da nake ba ku labari, Luba, autata, ta shigo da gudu da waya a hannu, ta ce shirin da yayarta 'yar Kalgo ta rubuta za a fara nunawa. Na san tun tana jami'ar Kalgo take rubuce-rubuce da abokan karatunta, kuma na ji wasu masu shirya fim sun ɗauke ta aiki. Ban tambayi me ta rubuta ba, don bai kamace ni ba. Ranar Asabar bayan la'asar aka fito da talabijin ƙarƙashin rumfa, aka jona da batirin sola, 'yan matan unguwa suka cika tsakar gida har kan turmi. Sunan shirin Ƙwarya Mai Tururi. Ɗalibai huɗu ne a wani ɗakin kwanan makaranta, da tafki a bayansa. Ina jin an ce tafki na ajiye tsintsiyar hannuna. Kafin a nuna fuskar kowa, sai wani farin rubutu ya fito a kan baƙi. Na matso, na karanta shi da ƙarfi, gaɓa-gaɓa, don in nuna musu na iya.

"Daga labarin da Innata Kulu ta ba ni."

Luba ta yi tsalle tana tafi, tana nuna ni. "Kun gani? Inna ta iya! Wallahi ba ta yi kuskure ko ɗaya ba!"

Suka yi mini guɗa. Na yi murmushi, na ce bari in duba wuta. Na shiga madafi na tsaya a gaban murhun da ko toka mai ɗumi babu.

Shirin ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Sun ƙara abubuwan da ban sani ba. Akwai wata yarinya mai tabarau da ke ɗaukar muryar a waya, in ta kunna sai kukan kwaɗi kawai. Akwai mai gadi gurgu da ya san wani abu ya ƙi faɗa. Akwai kiɗa mai sa tsigar jiki tashi duk lokacin da hannu ya doshi faifai. Amma ƙwaryar tawa ce, har ɗinkin da ke gefenta. A Gwandu 'yan mata suka mai da abin wasa, in aka kawo abinci a rufe sai wata ta riƙe hannun wata ta ce, kar ki buɗe! Luba ta daina zuwa bayan ɗaki ita kaɗai da tsakar rana. Ranar Lahadi a ajinmu, tsofaffin mata masu jikoki suna gardamar ko mai gadin ne ke ajiye ƙwaryar, malama tana buga tebur ba mai jin ta. Ni ban taɓa zama a gaban talabijin ɗin ba. Nakan ɗauko tire in zauna a ƙofar madafi ina tsintar shinkafar da na riga na tsince, ina kallo ta gefen ido. Kashi goma sha ɗaya, ban rasa ko ɗaya ba, kuma sau goma sha ɗaya na karanta wannan farin rubutun.

Ban san ina da kishi irin wannan ba. Ni da ake cewa ko kaza ban iya kora da ƙarfi ba. Mun je biki garin Malisa, na tarar da Yaya Kulu a kan kujera a tsakiyar rumfa, 'yan mata sun kewaye ta suna ɗaukar hoto, suna kiranta Innar Ƙwarya. Tana ba su labarin, har tana lumshe ido. Ta ce wai tuwo ne a cikin ƙwaryar tun asali, 'yan fim ne suka mayar da shi fura. Tuwo! Magana ta zo mini baki, na haɗiye ta da ruwan randa. Wata yarinya ta juyo ta dube ni.

"Baba, ke ma 'yar'uwar Innar marubuciyar ce?"

Na ce, "Matar ƙanenta ce ni."

"Kai, kin ji daɗi. Ke ba ki da irin labaran nan?"

Na ce ba ni da su.

Da kuɗin aikinta na farko 'yar Kalgo ta sayo mayafi biyu, ɗaya na Yaya Kulu, ɗaya ta ba Luba ta kawo mini. A bikin nan na ga na Yaya a kafaɗarta. Iri ɗaya ne sak da nawa, launi ɗaya, aiki ɗaya. Duk da haka sai da na yi kwana uku ina shimfiɗa nawa a kan gado ina neman inda ya gaza nata. Ina gaya muku wannan ne don ku san a wane hali 'yar Kalgo ta same ni ranar da ta zo.

Ranar Juma'a ce, wajen azahar. Ina daka sai na ji sallamarta. Ta rame, idonta ya faɗa. Ta gaida mahaifinku a zaure, ta shigo ta durƙusa nesa da turmi kamar yadda ta saba.

"Adda, ina wuni."

Na amsa ina kallon taɓarya. "Lahiya lau. Ya mutanen Kalgo?"

Ta amsa, sannan ta ce saura kashi ɗaya shirin ya ƙare, kuma ba ta da ƙarshe. Darakta ya ba ta zuwa Litinin. In ba ta kawo ba zai rubuta nasa, kuma ya riga ya faɗi abin da zai yi: matar ruwan mayya ce mai neman jinin ɗalibai, za a kawo malami ya yi addu'a, a zuba wa ƙwaryar kalanzir a ƙone ta, kowa ya huta.

"Ni na san ba haka ba ne, Adda. Tun ina ƙarama ban taɓa jin tsoron matar nan ba. Tausayinta nake ji, ban san dalili ba. Na tambayi Inna, ta ce ta manta. Ta ce in zo nan, wai ko kin taɓa jin shi wurin tsofaffi."

Wai ko na taɓa jin shi wurin tsofaffi. Da ta ce mini komai ban da wannan, da wataƙila na sassauto. Na ci gaba da daka, na ce:

"Wadda anka rubuta sunanta a talabijin, ita ta san ƙarshen labarinta."

Ta ɗago kai. Rabon da ta dube ni ido cikin ido har na manta.

"Ashe kina kallo."

"Wucewa nika yi na gani."

Ta jima a durƙushe. Luba ta kawo mata tuwo da miyar kuka, ta ce ta ƙoshi. Ta miƙe, ta ce a gaida Baba in ya dawo masallaci, ta fita. Luba ta bi ta har titi, ta dawo tana kuka, ta ce mini abin da ba ta taɓa ce mini ba, wai zuciyata dutse ce. Mahaifinku da ya ji, bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Hansai, mi yarinyar nan ta yi miki?" Gaskiyar kuwa, ba ta yi mini komai ba.

Bayan la'asar wayar Luba ta yi ƙara. Ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba, ta ce Goggo ce. Yaya Kulu ba ta iya doguwar gaisuwa ba ko a da.

"Hansai, ɗiyarki ta dawo ta shige ɗaki, ko ruwa ba ta sha ba."

Na ce, "Ɗiyarki dai, Yaya."

"Bar wagga magana. Kin san sarai ba ni da ƙarshen nan. Da kunka sallame mu, kullum sai ta ce Inna ƙwarya, Inna ƙwarya. In ba ta iyakar abin da na ji kina faɗa a bakin ƙofa. In ta ce to wa ke aikowa, in ce gobe. Goben ma daga bakinki na koye ta."

Na ce, "Mi ya hana ki gaya mata inda kinka ji shi?"

"Ban so ba." Haka ta ce, ko kunya babu. "Ba ta tambaya ba, ni kuma ban so ta tambaya. Ke kina da huɗu a gabanki. Ni ita ɗaya ce, ita ɗin ma aro. Kin san ranar mota ba ta cin abincina? Bakin ƙofa take zama tun safe tana jiran ƙwaryar Gwandu. In na ce ga shinkafa ta ce sai hura ta iso. Sau biyu na zuba wa kaji hurarki don haushi, na ce mata mota ta lalace."

Na ce, "Kaji, Yaya?"

"Kaji. Sun ji daɗinta kuwa. To ni dai ba zan ce mata naki ne ba, bakina ba zai iya ba. Ba kuma zan hana ki ba. Ki yi abin da kika ga dama, amma kada ki bari su ƙone ƙwaryar nan, yarinyar ba za ta sake rubutu ba."

Ta kashe wayar ba sallama.

Kada ku ɗauka maganarta ta wanke mini zuciya. Haushin kajin ma ya ƙaru a kan na da. Na zauna a gindin mangwaro har aka kira magariba ina juya abin. Yaya Kulu ta ga haƙorinta na farko ya faɗi, ita ta yi mata kitson sallah, ita ta raka ta makaranta, ita ake kira Inna. Abu ɗaya tak nake da shi na yarinyar nan wanda Yaya ba ta da shi, shi ne ƙarshen labarin. In na faɗa, ya tafi, kuma zai fita a ƙarƙashin sunan Kulu kamar sauran. Haka kuwa aka yi, har yau in kun buɗe shirin a waya sunanta za ku gani, kuma har yau nakan sa babban yatsa in rufe wajen har rubutun ya wuce. Ban da wannan, faɗin ƙarshen daidai yake da in tsaya a tsakiyar kasuwa in furta abin da mahaifiyata ta koya mini in ɓoye. Duk wannan na auna shi, kuma ya fi nauyi a wajen yin shiru. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne kalanzir. In zauna a ƙofar madafi da tirena, in ga an cinna wa ƙwaryar wuta, 'yan mata suna tafi an kashe mayya.

Washegari bayan sallar asuba na dafa gero, na kirɓa fura, na dama ta da nono mai kyau a tsohuwar ƙwaryata, na rufe da faifai na ɗaure. Na yafa mayafin nan. Na ce wa mahaifinku zan je gaida Yaya. Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na riƙe ta a cinya tun daga tasha har Kalgo, ban bari kowa ya taɓa ba.

Na tarar da Yaya Kulu a tsakar gida tana gyaran zogale. Ƙofar ɗakin 'yar Kalgo a buɗe take, labule a sake, ina jin ƙarar maɓallan kwamfuta, ta buga kaɗan ta tsaya. Na ajiye ƙwaryar a bakin ƙofar. Na jawo kujera 'yar tsugune na zauna, na ba ƙofar baya. Muka gaisa da Yaya. Sannan na ɗaga murya, ni da sai an matso ake jin maganata.

"Yaya, jiya na tuna wani abu. Matar nan ta cikin tafki, ba mayya ba ce."

Yaya Kulu ba ta ɗago daga zogalenta ba. "To, mi ce ce?"

"Uwa ce. Ɗiyarta ta fari tana cikin garin nan, a hannun wasu, suna riƙonta da kyau. Ba ta da abin zargi a kansu. Kullum tana son ta kira ta, sai ta ja numfashi, sai ta tuna ba a kiran sunan ɗan fari. Shi ne take yin shiru. Hura kaɗai aka bar mata, shi ya sa take aikowa."

Ƙarar maɓallan ta tsaya cak.

Yaya ta ce, "To yanzu mi za a yi mata ta huta? A kira malami?"

"Ba ta son malami. Ba ta son a san sunanta ma. Yarinyar ta je bakin tafki ita kaɗai, ta ɗaga faifan, kada ta gudu. Ta sha. Ta wanke ƙwaryar ta kife ta a inda ta same ta. Shi ke nan uwar ta san saƙo yana isa."

"Iyakarsa ke nan?"

"Iyakarsa ke nan."

Yaya Kulu ta share ido da bayan hannu, ta ce zogalen bana yaji gare shi. Muka koma hirar tsadar gero da ciwon gwiwarta. Ban waiwaya ba. Na ji motsin labule, na ji an ɗaga faifai a hankali, na ci gaba da tambayar Yaya wane magani take shafawa. Da rana ta take na ce zan koma kada in rasa mota. Na miƙe na juya in ɗauki kayana. Ƙwaryar na nan a bakin ƙofa, a wanke, a kife, faifan a kanta, ruwa bai gama bushewa a jikinta ba. Na ɗauka na ɗaure a ƙyalle, na ce wa Yaya a gaida mutanen gida.